Malam Ya Faɗa, Malama Ta Rubuta

"Sa mata sittin da biyu," in ji Malam.

Yana kwance a doguwar kujerar falo, ƙafa ɗaya kan ɗaya, yana sakace haƙori da tsinke. Matarsa na zaune a ƙasa da ƙatuwar rajistar aji uku a cinya, biro a hannu. Asabar ce da hantsi, saura kwana biyu a miƙa wa Shugabar makaranta sakamakon ƙarshen shekara.

"Sittin da biyu? Baban Auta, ka kuwa auna yarinyar nan?"

"Wacce ce ma?"

"Gajeriyar nan mai wushirya, da ke zama bakin taga."

"Au, wannan? Ai idonta a buɗe yake. Ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima. Rubuta kawai ki wuce na gaba."

Ta rubuta. Ba zan wanke Malama tas ba, domin da hannunta ta rubuta, ba wanda ya ɗora mata wuƙa a wuya. Amma ku biyo ni ku ga wanda ya sha daɗin abin da wanda ya sha wuyarsa.

Su biyun malamai ne a firamare ɗaya, shi yana riƙe da aji uku, ita aji huɗu, ƙofa na kallon ƙofa. Shugaba ta zo musu da wani tsari mai kyau, ta ce an daina cewa "yara suna ƙoƙari" a tashi taro. Ta raba wa kowane malami ɗan agogo mai maɓalli uku da igiyar ratayawa a wuya. Za ka zaunar da yaro, ka miƙa masa shafi, ka danna agogo, ya yi karatu minti ɗaya cur, kai kuma kana ƙirga kalmomin da ya faɗa daidai. Wannan adadin shi ne mafarinsa. Daga nan sai ka rubuta burinka ɓaro-ɓaro: daga kaza zuwa kaza, nan da ƙarshen zango. In lokacin ya yi a sake aunawa, kowa ya ga ko yaro ya motsa ko yana nan inda aka same shi.

Malama tana son tsarin nan kamar me. Malam kuwa cewa yake ɓata lokaci ne. Shi malamin baki ne. In ya tsaya gaban allo ya ɗauko labari, har masu shara kan jingine tsintsiya su saurara. Yara na sonsa, iyaye na sonsa, ko ni da nake ba ku labarin nan, in muka haɗu sai na yi dariya kafin in tuna ina jin haushinsa. Aikin takarda ne ba ya ƙauna. Tun shekararsu ta farko ya gano cewa rubutun matarsa ya fi nasa kyau, shi ke nan, littattafan yaransa da rajistarsa da tsarin darasinsa duk suka koma hannunta. Kullum in sun dawo zai zube mata su kusa da tabarma ya ce, "In kin huta, ki ɗan duba mini."

A wannan Asabar ɗin ba yaron da ya samu ƙasa da hamsin da biyar. Ranar rufe makaranta Shugaba ta kira Malam gaban taro, ta ɗaga rajistarsa sama, ta miƙa masa takardar yabo. Malamai suka laƙaba masa suna Ɗari-bisa-ɗari. Mahaifiyarsa, Inna, wadda ke zaune tare da su, sai da ta cinye katin wayarta tana sanar da dangi.

Hutu ya ƙare, aka dawo. A taron malamai na farko Shugaba ta gyara tabaranta ta ce, "Bana ba za mu ɓata makon farko wajen awo ba. Adadin da malamin baya ya rufe da shi, shi ne mafarinka. Burin zangon nan, kowane yaro ya ƙara kalma goma sha biyar, aƙalla yara talatin cikin talatin da shida. Wanda ya faɗi warwas kuma, ina da sababbin malamai biyu suna jiran aji. Sai ya koma sito ya riƙa ba da alli da tsintsiya."

Aka yi dariya. Malama ba ta yi ba. Yaran aji uku na bara ai su ne nata na bana. Ta waiga ta dubi mijinta, shi kuwa ya kashe mata ido ɗaya yana murmushi.

Duk da an ce kada a auna, ta auna. Ta riƙa kiran su ɗaya-ɗaya lokacin hutun tara, tana rubutawa a wani ɗan littafi mai shuɗin bango da ta saya. Da aka zo kan yarinyar nan, wadda kowa ke kira Wushirya, ta ɗora yatsa kan shafi tana jan kalma kamar mai jan guga daga rijiya mai zurfi. Agogo ya yi ƙara. Goma sha takwas.

Malama ta dubi sha takwas, ta dubi sittin da biyu da ke cikin rajista da kyakkyawan rubutunta, sai dariya ta kuɓuce mata. Wushirya ma ta taya ta, ba tare da ta san dalili ba. Wanda ya fi kowa a ajin arba'in da ɗaya ya samu. Akwai mai shida.

Da yamma, bayan an ci abinci, ta ajiye ɗan littafin a kan cikin Malam.

"Ga yaranka."

Ya buɗe, ya duba shafi ɗaya, ya rufe. "To?"

"To me? Daga sha takwas ake so in kai yarinya saba'in da bakwai cikin wata uku. Aljana ce ni?"

"Haba, Maman Auta, wannan har matsala ce? Ki ɗora sha biyar a kan nawa, magana ta ƙare."

"In na ɗora, mai aji biyar fa?"

"Wannan ciwon kan mai aji biyar ne."

"Shi ma ya ɗora, mai aji shida ya ɗora. Yarinya ta gama firamare tana karanta ɗari da ashirin a takarda, a titi kuma ba ta iya karanta allon shago."

Malam ya ƙyalƙyale da dariya har yana buga hannun kujera. "Wallahi ke da kin yi lauya. Ai duniyar ma haka take tafiya."

Inna na gefe tana tsince wake a faranti, ba ta ɗago ba ta ce, "Ni ban ga abin jayayya ba. Yabon da ya samu wane gida ya shigo? Ba nan ba? In shi ya samu ai ke kika samu."

"Haka ne, Inna," in ji Malama. Me za ta ce wa surukarta?

Auta, 'yarsu mai shekara takwas wadda ta shiga ajin babanta a bana, ta zo da littafinta a buɗe. "Mama, wannan fa?"

"Je ki wurin Babanki, kin ga aikin da ke gabana."

Ta je. "Baba, wannan fa?"

"Je ki wurin Mamanki, ita ce gwanar wannan."

Yarinya ta tsaya tsakiyar falo tana kallon su biyun, can ta rufe littafi ta fita wasa. Malama ta jawo tarin littattafan aji uku ta fara dubawa.

Ƙarya dai ta ce ba za ta sake rubutawa ba, ko da za a mai da ita mai gadin ƙofa. Sai ta ɗaura ɗamara. Ta yanka kwali ta yi wa kowane yaro kati, ta zana masa tsani a jiki, matakin ƙasa adadinsa na gaskiya, na sama inda shi da ita suka yi yarjejeniyar zai kai. Ta ce musu, "Ba ruwan kowa da katin wani. Abokin gasarka shi ne kai na makon jiya." Ta riƙa zuwa da minti ashirin kafin a buga ƙararrawa, lokacin tara ma a aji take cin biredinta a tsaye.

Ajin ya zama wani wurin shagali. Akwai wani da ake kira Sarkin Surutu, shi da ya ji awo ake da sauri sai ya riƙa ƙirƙiro kalmominsa yana zubawa kamar rediyo, ko kallon shafin ba ya yi. Malama ta bar shi ya gama, ta ce, "Ka faɗi casa'in, amma tara ne kawai marubucin ya sani." Ajin ya kwashe da dariya har da shi. Mai shida ya kai goma sha ɗaya, ya zagaye aji da katinsa a ka. Wushirya ta tashi daga sha takwas zuwa ashirin da huɗu, ta ce a bar ta ta je da katin gida ta nuna wa kakarta. Ran nan Malama ta koma gida tana 'yar waƙa a hanya.

Sai aka zo awon tsakiyar zango, ta miƙa adadinta na gaskiya. Washegari masinja ya leƙo ya ce Shugaba na kira.

"Zauna, Malama." Shugaba ta jera takardu biyu a tebur. "Yara sun zo miki da sittin, kin mai da su ashirin da biyar. Koyarwa kike yi ko kwashewa?"

"Ranki ya daɗe, yaran suna ci gaba."

"Ta ina? Ta baya?"

Maganar ta zo mata har bakin leɓe, ta haɗiye. Ta ce wataƙila dogon hutu ne ya sa suka manta.

"Hutun ajinki kaɗai ya kama?" Shugaba ta cire tabarau ta sassauta murya, don ba muguwa ba ce. "Ga gwani a gidanki. Rijiya a ƙofar ɗaki, kina kwana da ƙishirwa? Daga gobe mijinki zai riƙa shiga ajinki sau biyu a mako ya ga inda kike kuskure, ya rubuto mini rahoto."

Jama'a, kun ji fa! Haka kuwa aka yi. Malam ya riƙa shigowa da babbar rigarsa, ya zauna a bencin baya, ya harɗe hannu yana gyaɗa kai irin na masana. Yara su yi ta murna, don kafin ya fita sai ya ba su labarin kura da ɗan akuya. In an koma gida sai ya miƙe a doguwar kujera ya ce, "Ɗauko takarda. Rubuta: Malamar tana da ƙoƙari, amma tana buƙatar ƙarin dabara." Ita ce ta rubuta rahoton gazawarta da kanta, har da sa hannunsa sai da ta nuna masa layin.

A ɗakin malamai kuwa ta zama abin tsokana. Malamin lissafi, wanda bakinsa ba ya shiru, ya ce, "Malama, ki zo ki taya ni koyar da ɗebewa mana, na ga kin ƙware." Ta yi dariya tare da su, don in ba ta yi ba kuka za ta yi. Wata safiya baban Wushirya, direban babbar mota, ya tare ta a bakin aji da takardun sakamako biyu, ɗaya a kowane hannu.

"Malama, ni ban yi boko mai zurfi ba, amma na san sittin ya fi ashirin. Me yarinyata ta yi miki?"

"Ba ta yi mini komai ba. Ka zaunar da ita a gida ta yi maka karatu, za ka ji bambanci."

"Na ji tana yi, har ta dame mu. Amma takarda ai ba ta ƙarya." Ya ninke su ya sa a aljihu. "Don Allah ki riƙa tambayar maigidanki."

Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Wannan maganar ta direba ta fi duk sauran yi mata ciwo, domin mutumin da zuciya ɗaya ya faɗe ta. Ta rame, ƙasan idonta ya yi baƙi, ga littattafan aji biyu kullum, ga girki, ga wanki. Abin da ya fi cin ranta shi ne sito. Ba don alli da tsintsiya sun fi ƙarfinta ba, sai don yaran nan yanzu ne bakinsu ya fara buɗewa, kuma ta san duk wanda ya karɓe su da sittin a takarda, littafin 'yan sittin zai ɗora musu, su koma zaman kurame.

Saura mako guda zango ya ƙare ta sami Malam yana goge takalmi a baranda.

"Baban Auta, ka je ka gaya wa Shugaba gaskiya."

"Wace gaskiya?"

"Ka sani. In ba ka je ba, ni zan je."

Ya hura takalmin, ya ɗaga shi yana duba ƙyallinsa. "To, Allah ya kiyaye hanya. Amma kafin ki tafi, tuna mini, rubutun wa ke cikin rajistar nan?"

Da fara'a ya faɗa, kamar mai wasa. Malama ta dube shi. Shekara goma sha ɗaya tana ɗauka lalaci ne kawai ke damun mijinta, ashe ya san sarai inda ya ɗaure ta. Ranta ya ɓaci ƙwarai, irin ɓacin da ba ya zuwa da hayaniya.

Inna ta leƙo ta taga, don kunnenta ba ya wuce irin wannan. "Ke 'yar nan, mace tagari rufin asirin mijinta ce. Sito ba aiki ba ne? Albashin ai ɗaya ne, kin ma huta da hayaniyar yara. Namiji kuwa in ya zube a idon jama'a, da me zai tashi?"

"Na ji, Inna."

Da Asabar ta zagayo Malam ya miƙe a kujerarsa ya ce a ɗauko rajistar aji uku a cika ta ƙarshen zango. Malama ta ce hannunta na ciwo. Ya ce ta shafa man zafi. Ta ce ta shafa, bai ji ba. Ya yi tsaki, ya yi mita, ya ce matan yanzu ba tausayi, ƙarshe ya zauna ya cika abarsa da rubutunsa mai kama da tafiyar kaza, cikin minti goma ya gama.

Ranar Laraba aka yi taron rufe zango, yara na waje suna wasa. Shugaba ta bi aji-aji har ta iso na huɗu, ta yi ajiyar zuciya.

"Ba na jin daɗin wannan, amma doka doka ce. Ko yaro ɗaya bai kai buri ba. Malama za ta koma sito. Aji huɗu kuma na mai da shi hannun wanda ya san sirrinsu." Ta yi wa Malam murmushi. "Ɗari-bisa-ɗari, ka karɓi yaranka. Ka ma yi sa'a, zango mai zuwa masu duba makarantu za su zo su auna ajin da kansu. Ina so su tarar da saba'in da biyar."

Wallahi da kun ga fuskar Malam. Ya miƙe zumbur har kujera ta faɗi.

"Ranki ya daɗe, a'a! A yi mata adalci! Wannan baiwar Allah, ni shaida ne, ba ta barci saboda yaran nan. A ƙara mata zango ɗaya. A ƙara mata biyu ma! Ni ban yarda a raba ta da ajinta ba!"

Ɗakin ya ɗauki "Allah sarki." Wata malama har da share ƙwalla, tana cewa ina ma nata mijin haka yake. Malamin lissafi ya ce, "Kai, soyayya ta gaskiya ke nan."

Malama na zaune tana kallonsa yana gumi. Ba abin da take buƙata sai ta yi shiru. In ta yi haka za ta tafi sitonta ta huta, shi kuma ya ɗebo da zafi, bakinsa. Har ta ji daɗin abin yana ratsa ta, ba zan ɓoye muku ba. Sai ta jiyo muryar yaranta ta taga, ta tuna wata uku za su yi suna sauraron labarin kura kafin masu awo su iso. Ta buɗe jaka ta ciro ɗan littafinta mai shuɗin bango, ta miƙe.

"Ranki ya daɗe, sittin ɗin nan da kike gani, ba a taɓa auna shi ba. Ni na rubuta shi da hannuna a falon gidanmu, Malam yana faɗa ina rubutawa. Laifina ne, ban musa ba. Ga abin da na tarar ranar da suka shigo ajina, ga kuma inda suke yau."

Shugaba ta karɓi littafin tana buɗe shafi ɗaya bayan ɗaya. Malam ya yi wata 'yar dariya ya ce, "Ranki ya daɗe, kin san mata, ɓacin rai ne. Ni na auna yarana."

"To madalla." Shugaba ta cire agogon wuyanta ta miƙa masa, ta ce wa masinja, "Kira mini yarinya ɗaya daga aji huɗu, ko wacce ka fara gani."

Sai ga shi da Wushirya, tana haki, ƙafa duk ƙura. Aka zaunar da ita, aka ba ta shafi.

"Bismillah, Malam. Auna ta."

Malam ya juya agogo gaba, ya juya shi baya. Ya danna wani maɓalli, fitila ta kama. Ya danna wani, kwanan wata ya fito. Ya girgiza shi, ya kai kunne. Wushirya ta gaji da jira, ta ɗago kai ta ce da muryarta siririya, "Malam, na dama ake dannawa sau biyu."

Malamin lissafi ya faɗa ƙarƙashin tebur. Wadda ta share ƙwalla ɗazu ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta na rawa. Shugaba kaɗai ce ba ta yi dariya ba. Ta karɓi agogonta ta danna, yarinya ta fara karatu, yatsa na gudu a kan layi, ba ta tsaya ba sai da ya yi ƙara.

"Talatin da tara," in ji Shugaba. Ta duba ɗan littafin. "Daga sha takwas." Ta ƙirga da biro har ƙasan shafi na ƙarshe. "Yara talatin da biyu sun ƙara sha biyar ko fiye."

Ta sallami yarinyar, sannan ta yanke hukunci a tsaye. In an bi ta ɓarawo a bi ta mabi sahu: su biyun kowa zai karɓi takardar gargaɗi. Malam zai dawo da takardar yabo, kuma wasu malamai za su sake auna ajinsa kaf. Ta ce ita ma ta yi kuskure da ta hana awon farkon shekara, an dawo da shi. "Ke kuma, Malama, ajinki na nan a hannunki. Wannan littafin shi ne mafarinki."

Malama ta fito da takardar gargaɗi ta farko a rayuwarta, amma jikinta sakayau kamar an sauke mata buhu. A hanya Malam na gaba tana baya.

Labari ya riga su isa gida. Inna na zaune a falo ta haɗe rai, Malama ta durƙusa ta gaishe ta, ba ta amsa ba. Malam ya zube a doguwar kujera ya juya wa kowa baya.

"Kin kyauta," in ji Inna daga ƙarshe. "Kin tsiraita mijinki a gaban mutane, hankalinki ya kwanta. A kan me? A kan 'ya'yan wasu, waɗanda gobe in sun gan ki a hanya ba lallai su gaishe ki ba."

"Inna, ba 'ya'yan wasu kaɗai ba ne. Auta ma a ajinsa take."

"Auta? Auta ai 'yar malamai biyu ce. Ke Auta! Zo nan da littafinki, ki kunyata mini uwarki."

Yarinya ta shigo da gudu, ta zauna a gaban kakarta, ta buɗe shafin farko. Inna ba ta iya karatun boko ba, amma tana da kunne. Auta ta ɗora yatsa ta faɗi kalma ɗaya, ta faɗi ta biyu. A ta uku ta tsaya tana haɗa baƙi da wasali a hankali, ta samu da ƙyar. Ta ƙara biyu, sai ta cije. Ta dubi uwarta, ta dubi bayan ubanta, ta sake duban shafin.

Kunya ta rufe Malama, kunyar da ta fi ta ɗakin taro nesa ba kusa ba. 'Ya'yan mutane talatin da shida ta auna sau huɗu a zangon nan, tata kuwa ta ƙi aunawa, don tana tsoron abin da za ta gani. Ta matsa ta jawo yarinyar jikinta ta ce, "Ya isa, Auta. Ba laifinki ba ne. Gobe da safe za mu fara, ni da ke."

Inna ta dubi jikarta. Can ta miƙa sandarta ta zunguri ƙafar ɗanta.

"Kai. Juyo nan. Nawa ka rubuta mata?"

Malam ya juyo a hankali, ya sosa ƙeya. "Inna, ai abin ba haka ake..."

"Nawa?"

"Saba'in."

"Saba'in," in ji Inna, tana gyaɗa kai. Ta ɗaga hannunta ɗaya, ta ware yatsun a gaban fuskarsa. "Ni dai biyar na ji. Sauran sittin da biyar ɗin na jikata, a ina ka ajiye mata su?"